Kowa Da Ƙofarsa, Kowa Da Murhunsa: Gidajen Gajiyayyu Na Ƙauyukan Ingila

A ƙauyuka da yawa na ƙasar Ingila, in mutum ya fito daga tsohuwar majami'a ya duba dama ko hagu, yakan ga waɗansu 'yan gidaje a jere, kansu ɗaya kamar 'ya'yan uwa ɗaya. Ƙofofinsu gajeru ne, kowace ƙofa da 'yar tagarta a gefe, a bisa rufi kuwa ga dogayen bututan hayaƙi sun miƙe sama. A kan babbar ƙofar shiga akan ga allon dutse, an sassaƙa sunan wani mutum da shekarar gini, wani 1612, wani 1637. Baƙo yakan zaci makaranta ce, ko kuwa barikin ma'aikata. Gidajen gajiyayyu ne, sunan da mutanen ƙasar suke kiransu da shi kuwa ma'anarsa "gidan sadaka". An gina su ne domin tsofaffi matalauta na ƙauyen, maza ko mata, waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, ba su kuwa da mai riƙonsu.

Abin mamaki shi ne, da yawa daga cikinsu suna nan a kan aikin da aka gina su dominsa. Akwai ƙungiyoyin amana fiye da 1,600 a Birtaniya masu riƙe da irin gidajen nan, mutum wajen 36,000 ne kuma suke kwana a cikinsu. Waɗansu gidajen sun haura shekara 500. Sarakunan da suka ba da iznin gina su sun shuɗe, fadodin masu ginin sun rushe, amma ɗakin tsohuwa matalauciya yana tsaye. Me ya riƙe su haka? Mai karatu zai ga amsar a wuri biyu: a yadda aka tsara ginin, da yadda aka ɗaure dukiyar da take ciyar da shi.

Daga zaure ɗaya zuwa ɗaki ɗaki

Tushen abin daga ekklesiya yake. Tun zamanin da, masu bi a Turai sun ɗauki ciyar da mayunwaci, da saukar da baƙo, da jiyyar marar lafiya a kan aikin da Ubangiji ya bar musu. Wajen shekara ta 1084 Lanfranc, Babban Bishop na Canterbury, ya kafa gida domin kutare a ƙauyen Harbledown, a bakin hanyar da take shiga birnin daga Landan. Kuturta ta daɗe da ƙarewa a ƙasar, amma wurin bai mutu ba. Tsofaffi ne yanzu suke zaune a gidajen da aka sake ginawa kusa da tsohuwar majami'arsa.

Tsakanin 1132 da 1136 kuma Bishop Henry na Blois, ƙanen Sarki Stephen, ya kafa gidan St Cross, watau Gicciye Mai Tsarki, a bakin kogi kudu da Winchester. Ya umarta a riƙe matalauta 13 waɗanda ba su iya aiki, a kuma ciyar da waɗansu 100 kowace rana. Har wa yau matafiyi in ya tsaya a zauren gidan ya roƙa, mai tsaron ƙofa zai ba shi gutsuren gurasa da ɗan ƙoƙon giyar sha'ir, wadda ita ce abin shan talakan ƙasar a wancan zamani.

Gidaje da yawa na farkon zamanin dogon zaure guda ne, mai dogon rufi kamar na majami'a. Gadaje suna jere a jikin bango dama da hagu, a ƙarshen gabas kuwa ga wurin sujada, domin wanda ba ya iya tashi ya ji addu'a daga kan gadonsa. Gidan St Mary na Chichester, wanda aka gina wajen 1290, yana tsaye har yanzu da manyan ginshiƙansa na katako. Amma ga abin lura. Wajen 1680 aka shiga cikin zauren nan aka rarraba shi, aka fitar da 'yan ɗakuna takwas, aka ta da bututan hayaƙi na jan tubali har suka huda rufi. Zaure ɗaya ya ishi majiyyaci na kwana goma. Wanda zai ƙare sauran kwanakinsa a wuri kuwa, yana bukatar abin da ya fi gado. Yana so ya rufe ƙofa ya yi tarinsa ba mai ji, ya ɗora tukunyarsa sa'ad da ya ga dama, ya ajiye 'yan komatsansa inda ya sani. Tarihin ginin gidajen nan, in an taƙaita shi, tafiya ce daga gado a zaure zuwa ɗaki mai ƙofa.

Gidan Allah na Ewelme

A wani ƙauye an riga an gane wannan tun kafin mutanen Chichester. Ewelme ke nan, ana faɗinsa kamar "Yuwelm", ƙaramin ƙauye a kudu maso gabashin Oxford, kusa da garin Wallingford. A 1437 Sarki Henry na 6 ya ba William de la Pole, mai sarautar Suffolk, da matarsa Alice izni su kafa gidan gajiyayyu a can. Ƙauyen na gidan su Alice ne, ita kuwa jikar shahararren marubucin waƙoƙin nan ce, Geoffrey Chaucer. Suka sa wa wurin suna Gidan Allah. Aka shirya shi domin maza matalauta 13 da firistoci biyu, ɗaya shugaban gida, ɗaya malamin da zai koya wa yara nahawun Latin kyauta. Wannan lamba ta 13 ana yawan samunta a tsofaffin gidajen, gama tana tuna Almasihu da manzanninsa 12.

Ginin yana kan gangaren tudu. Majami'a ce a sama, gidan gajiyayyu yana manne da ita ta yamma a ƙasa kaɗan, makaranta kuma tana can gindin gangaren. Daga gidan zuwa ƙofar majami'a akwai matakala mai rufi, saboda haka tsoho ba ya jiƙewa in za shi sujada, ko da ana ruwa ko dusar ƙanƙara. Gidan kansa murabba'i ne, ɗakuna sun kewaye tsakar gida ta kusurwa huɗu, ga baranda mai ginshiƙan katako ta zagaye ciki. Tsakanin katako da katako an jera jan tubali a karkace kamar ƙashin kifi. A lokacin nan gasasshen tubali sabon abu ne a wannan yanki, watau ba ragowar kayan gini aka tattara wa matalauta ba.

Ƙa'idodin gidan, waɗanda suna nan a rubuce, sun ce a ba kowane mutum ɗan ɗakinsa mai murhu da mafitar hayaƙi, inda zai ci, ya sha, ya huta shi kaɗai. Kada mai karatu ya raina wannan. A zamanin, talakan ƙauye da yawa a tsakiyar ɗaki suke hura wuta, hayaƙi ya nemi hanyarsa ta cikin jinka. Murhu a jikin bango mai bututu abin masu hali ne. Banda ɗaki, kowa yana karɓar kwabo 14 a mako, watau biyu a rana, yana kuma sa riga mai jan gicciye a ƙirji in za shi majami'a.

Aikinsu shi ne addu'a. Ekklesiyar Turai ta wancan zamani tana koyar da cewa addu'ar masu rai tana taimakon waɗanda suka mutu, ta matalauci kuwa ana ganin ta fi karɓuwa. Don haka aka ɗora wa mutanen nan 13 su riƙa taruwa kowace rana suna roƙo domin sarki, da masu gidan, da iyayensu. Mai arziki ya ba da ɗaki da abinci, matalauci ya ba da addu'a, kowa yana ganin yana bukatar ɗan'uwansa.

William bai daɗe yana ganin aikinsa ba. A 1450 aka kore shi daga ƙasa, maƙiyansa suka tare jirginsa a teku suka sare kansa. Alice ta rayu har 1475. Kabarinta yana cikin majami'ar, an sassaƙa siffarta sau biyu da farin dutse. A sama tana kwance cikin kayan sarauta. A ƙasa kuwa, in mutum ya durƙusa ya leƙa, sai ya gan ta ƙeƙasasshiyar gawa cikin likkafani. Ta san inda sarauta take ƙarewa. Ƙasaitacciyar fadarsu ta Ewelme ta rushe, sai ɗan guntu ya rage. Gidan matalautan yana nan da mutane a ciki, makarantar kuma har yau yaran ƙauye suna karatu a cikinta, tana cikin gine-ginen makaranta mafi tsufa da ake amfani da su a Ingila.

Kowane ƙauye da abin da ƙasarsa ta ba shi

Bayan Gyaran Ekklesiya na ƙarni na 16, aka bar koyarwar yi wa matattu addu'a a ekklesiyar Ingila, amma ba a bar gina gidajen ba. Sai ma suka ƙaru. Attajirai, da masu manyan gonaki, da matan sarauta suka shiga yi, waɗansu don godiya ga Allah, waɗansu don tausayin garin haihuwarsu, waɗansu kuma don kada a manta da sunansu. A 1597, zamanin Sarauniya Elizabeth ta 1, aka yi doka wadda ta sauƙaƙa kafa irin gidan ba sai an nemi takardar izni daga sarauta ba.

Tsari biyu suka fi yawa. Na ɗaya shi ne ɗakuna kewaye da tsakar gida, a shiga ta zaure guda, kamar na Ewelme. Na biyu jeri ne guda mai fuskantar hanya, wani lokaci da fiffike a kowane gefe, kamar mutum ya buɗe hannuwansa. Kayan gini kuwa, tun da ɗauko dutse daga nesa da keken doki yana da tsada ƙwarai, kowane wuri da abin da yake ƙarƙashin ƙafarsa ya yi aiki.

A Chipping Campden, ƙaramin gari a tuddan Cotswold, Sir Baptist Hicks, attajirin tufafi na Landan, ya gina wa mutum 12 gida a 1612, maza shida mata shida, da dutsen yankin mai launin zuma. An tsara ginin da siffar harafin I, farkon sunan Sarki James da Latin. A Moretonhampstead, a bakin dajin tuddai na Dartmoor a Devon, da dutse mai tauri ruwan toka aka yi aiki, rufin kuwa jinka ce. Gabansa baranda ce mai gajerun ginshiƙai da bakuna a jere, an sassaƙa 1637 a kan ƙofa. A ƙauyen Castle Rising na Norfolk, Henry Howard, mai sarautar Northampton, ya gina wa mata 12 da uwargidansu gida na jan tubali, aka gama wajen 1614. Ɗakunan a ƙasa suke, ba hawa bene, zauren shiga kuma yana da 'yan hasumiyoyi biyu. A ƙauyen Froxfield na Wiltshire, a bakin tsohuwar hanyar Landan zuwa Bath, Sarah, matar mai sarautar Somerset, wadda ta rasu a 1692, ta bar wasiyya a gina wa gwauraye 30 gida. Daga baya aka ƙara ya zama 50, waɗansunsu matan limaman ekklesiya ne da mazansu suka mutu suka bar su ba gida. Ɗakin sujadarsu yana tsaye a tsakiyar doguwar tsakar gidan.

Dutse ya bambanta, amma tunanin ɗaya ne. In kana so ka san mutum nawa aka gina wa gida, ƙidaya ƙofofi ko bututan hayaƙi. Ƙofofin girmansu ɗaya, tagogin girmansu ɗaya, ba wanda zai ce an fifita wani. Dukansu suna buɗewa waje ɗaya, ko tsakar gida ko baranda, saboda haka in hantsi ya yi ba a ga tsohuwa ta buɗe ƙofarta ba, ba kuma hayaƙi a bututunta, maƙwabciya za ta je ta ƙwanƙwasa. Wurin ɗiban ruwa ɗaya ne, akwai benci na shan hantsi, sau da yawa kuma da ɗan lambu a baya. Wanda ya girma a gida mai zaure da tsakar gida ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mutum yana da sirrin ɗakinsa, amma ba zai kwana uku da ciwo ba a sani ba.

Wurin da aka kafa su ma abin dubawa ne. Banda gidajen kutare na farko, waɗanda aka yi a bayan gari, yawancinsu suna tsakiyar ƙauye, kusa da majami'a, a bakin hanyar da kowa yake bi. Mai zuwa kasuwa zai gaishe su, yara masu zuwa makaranta za su wuce ta gabansu. Ba a ɓoye tsofaffin ba.

Kyauta mai sharaɗi

Kada a ɗauka zaman duka daɗi ne. Kowane gida yana da ƙa'idodinsa, waɗansu kuwa masu tsanani. A Castle Rising, macen da za a karɓa sai ta kai shekara 56, ba ta da miji, mai tsoron Allah da natsuwa, in da hali wadda ta iya karatu. Ba a karɓar mai bara, ko mashayiya, ko mai yawan faɗa. A gidaje da yawa akan rufe zaure da dare a kan lokaci, wanda ya ƙi zuwa addu'a a rage masa kuɗin mako, wanda ya yi ta taurin kai a kore shi.

Akwai kuma riga. Matan Castle Rising suna da jan mayafi mai tambarin gidan Howard da doguwar hula mai tsini, waɗanda suke sawa a ranaku na musamman. A St Cross, mutanen Bishop Henry suna sa baƙar riga mai gicciyen azurfa, waɗanda Kadinal Beaufort ya ƙara a ƙarni na 15 kuwa ja mai duhu. Rigar tana kare sanyi, amma tana kuma shelar sunan wanda ya bayar. Allon dutsen da yake kan ƙofa shi ma haka. Ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba: tausayi da son suna sukan zauna a zuciya ɗaya.

Sa'an nan ɗakunan kaɗan ne. Inda aka ɗauki 12, akwai waɗansu da yawa a waje suna jiran wani ya mutu. Gidajen ba su taɓa ɗauke talaucin ƙasar ba. Abin da suka yi shi ne, 'yan kaɗan ɗin da suka karɓa sun riƙe su da mutunci.

Ana ganin bambancin sosai in an gwada su da gidajen aikin dole da hukuma ta yawaita ginawa bayan dokar matalauta ta 1834. Waɗannan manyan gine-gine ne masu dogayen katangu, da gangan aka sa zamansu ya yi ɗaci don kada mutum ya nemi shiga sai ya rasa yadda zai yi. A bakin ƙofa ake raba miji da mata, a raba 'ya'ya da iyaye, kowane rukuni da filinsa a katange. Tsofaffin Ingila sun ji tsoron gidan nan kamar kabari. Ɗaki a gidan sadaka kuwa nemansa ake yi. Dukansu biyu domin matalauta aka gina su, amma tsarin bango da ƙofa ya nuna yadda mai ginin ya ɗauki wanda zai zauna.

Gonar da take bayan gidan

Gini ba ya ciyar da kansa. Rufi yakan yi yoyo, itacen wuta yakan ƙare, tsofaffi kuma kullum sai sun ci. Masu kafa gidajen sun san haka, don haka tare da ginin sukan keɓe gonaki ko gidajen haya, su rubuta cewa amfaninsu na gidan ne har abada, magada ba su da iko su taɓa. William da Alice sun ba Gidan Allah filaye uku, a Marsh Gibbon, da Ramridge, da Conock. Kuɗin hayar filayen ne ya riƙa biyan kwabo 14 ɗin nan, ya gyara rufi, ya biya malamin makaranta.

Amma dukiya a ajiye tana jawo idanu. Haɗari na fari daga sarauta ya zo. Tsakanin 1536 da 1540 Sarki Henry na 8 ya rufe gidajen 'yan zuhudu ya ƙwace filayensu, a 1547 kuma, zamanin ɗansa Edward na 6, aka yi dokar karɓe dukiyar da aka keɓe don yi wa matattu addu'a. Gidajen gajiyayyu da yawa sun tafi a cikin wannan guguwa, mazaunansu suka koma bara. Na Ewelme ya tsira. A 1617 Sarki James na 1 ya haɗa shugabancinsa da kujerar babban shehun malamin likitanci na Jami'ar Oxford. Ta haka ne Sir William Osler, shahararren likita ɗan Kanada, ya zama shugaban gidan daga 1905 zuwa 1919. Shi ne ya sa aka buɗe tsohon akwatin ƙarfen gidan, aka tarar da takardun kafuwarsa danshi yana cinsu, ya sa aka gyara su aka adana.

Haɗari na biyu daga cikin gida ne. Da shekaru suka yi ta wucewa, kuɗin hayar filaye ya ninka sau da yawa, amma abin da ake ba tsofaffi ya tsaya inda mai wasiyya ya rubuta. Ragowar fa? A wurare da dama aljihun shugaban gida ta shiga. Wanda ya fi yin ƙaurin suna shi ne Francis North, mai sarautar Guilford, wanda mahaifinsa, Bishop na Winchester, ya naɗa shugaban St Cross a 1808. Shekaru da yawa yana kwasar dukiya mai yawa daga filayen gidan, har magana ta kai kotu, ya bar kujerar a 1855. An ba kura ajiyar nama ke nan. Jaridu suka yi ta magana, marubuci Anthony Trollope ma ya fitar da littafin labari a 1855 a kan irin wannan al'amari. A 1853 Majalisar Dokoki ta kafa hukuma mai duba dukiyar sadaka, wadda take da iko ta binciki lissafin masu riƙon amana. Alherin mai kafa gida bai isa ba, sai da masu amana a kowane zamani, da kuma wanda zai duba littafinsu.

Halin da suke ciki a yau

Daga 1909 gwamnati ta fara biyan tsofaffi matalauta masu shekara 70 fansho na sule 5 a mako, daga baya kuma taimakon hukuma ya yi ta ƙaruwa. Waɗansu suka ga kamar zamanin gidan sadaka ya wuce. Gidaje da dama suka tsufa, ba famfo, ba makewayi a ciki, ba kuɗin gyara. A 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wakilan gidajen Landan suka taru suka kafa ƙungiyar taimakon juna, wadda daga baya ta game ƙasar duka. Aka shiga gyara. A wurare da yawa, har da Ewelme, an haɗa tsofaffin ɗakuna don kowa ya sami wurin girki da wurin wanka, yawan mazauna tsohon ginin ya ragu, amma zaman ya yi sauƙi.

Mazaunin gidan a yau ba ɗan haya ba ne a idon doka. Masu amana ne suke zaɓensa bisa sharaɗin da mai kafa gidan ya bari, yana ba da ɗan abin gyara kowane mako, ba ya kuwa iya sayar da ɗakin ko ya bar wa 'ya'yansa. In ya tashi, wani mai bukata ya shiga.

Wahalar da ake sha yanzu ita ce ta tsufan ginin. Da yawa suna cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare, ba a canja taga ko a fasa bango sai da izni, gyaran kuma sai da irin kayan da da gwanayen magina, abin da yake cin kuɗi ƙwarai. Matakalar da aka yi a 1600 ba ta san keken guragu ba. Bangon dutse yana da kyaun gani, amma ɗumama shi da hunturu aiki ne. Masu amana na ƙananan gidajen ƙauye kuwa 'yan sa kai ne, samun waɗanda za su gaje su ba shi da sauƙi.

Akwai hanyar da ta fi sauƙi, watau a kwashe mutane a bar gini. A ƙauyen Lyddington na Rutland akwai wani sashen tsohuwar fadar bishop-bishop na Lincoln, wanda Sir Thomas Cecil ya mayar gidan gajiyayyu a 1600, domin maza 12 da mata biyu. An zauna a ciki har 1930. Yau gidan tarihi ne, hukumar English Heritage take kula da shi. Mai ziyara zai ga 'yan ɗakunan, kowane da tagarsa da murhunsa, a share tsaf. Ginin ya tsira, amma murhun ya yi sanyi. A Ewelme da Froxfield da Castle Rising kuwa akwai labule a taga, da tukunyar fure a bakin ƙofa. Gādon da ya fi wuyar riƙewa shi ne wannan na biyu, shi ne kuma ainihin abin da masu ginin suka bari.

Tsohon tsarin bai rasa amfani ba. A 2023 wani bincike na makarantar Bayes Business School ta Landan ya nuna cewa mazauna waɗansu gidajen sadaka sukan fi takwarorinsu masu ƙaramin ƙarfi tsawon rai. A wannan shekara kuma aka buɗe sabon gidan sadaka a unguwar Bermondsey ta Landan, mai suna Appleby Blue, wanda a 2025 ya ci kyautar Stirling, babbar kyautar gini ta Birtaniya. Ɗakunansa sun kewaye lambu a tsakar gida, ga faffaɗar baranda mai wurin zama a bakin kowace ƙofa, babban ɗakin taronsa kuma yana fuskantar titi. Maginan Ewelme da sun gane shi da gani ɗaya.

Ingila ƙasa ce mai nisa, al'adarta dabam, sanyinta dabam. Amma tambayar da gidajen nan suka amsa ba ta da ƙasa: ina tsoho zai zauna in ƙarfi ya ƙare, 'ya'ya sun yi nisa ko kuwa babu su? Amsar da aka rubuta da dutse da tubali ita ce, a ba shi ƙofarsa da murhunsa, a sa shi inda maƙwabci zai gan shi kowace safiya, a tsakiyar gari, a keɓe abin da zai riƙe wurin bayan mai kyautar ya mutu, a kuma sa amintattu fiye da ɗaya a kai, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk gidan da yake da tsoho, da duk jama'ar da take da gwauraye a cikinta, suna da abin da za su tattauna a nan.